Sarauniya Kiliyofatara a Hannun Masu Sinima

Mai karatu, in aka ce ka faɗi sunan wata sarauniya ta zamanin da wadda ba ta ƙasar Hausa ba, da wuya ka wuce biyu: Bilkisu ta Saba, ko Kiliyofatara ta Masar. Labarin Bilkisu daga bakin malamai muka same shi. Ita kuwa Kiliyofatara, yawancin mutanen duniya a gidan sinima suka san ta. Turawa suna rubuta sunanta Cleopatra, kuma sun yi fina-finai da yawa a kanta. Huɗu sun fi sauran suna: na 1917, da na 1934, da na 1945, da na 1963. Mata huɗu ne suka ari sunanta, in ka jera hotunansu ba za ka ce mutum ɗaya suke kwaikwayo ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji. To, amma ganin sinima wani abu ne dabam, don abin da mai fim ya ga dama shi yake nuna maka. Saboda haka kafin mu duba masu aron suna, bari mu san mai sunan.

An haife ta a shekara ta 69 kafin haihuwar Annabi Isa, ta mutu a shekara ta 30. Kada lissafin ya ruɗe ka: shekarun wancan zamani da baya-baya ake ƙidaya su, 69 ta riga 30 zuwa. Ke nan shekara 39 ta yi a duniya, 21 daga cikinsu tana kan gadon sarauta. Ba jikar Fir'auna ba ce. Kakan gidansu, Batlamus, mutumin Makidoniya ne a arewacin ƙasar Girkawa, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Iskandar. Da Iskandar ya mutu a shekara ta 323, sarakunan yaƙinsa suka raba ƙasashen da ya ci, Masar ta faɗo a rabon Batlamus. Zuriyarsa ta yi kusan shekara 300 tana mulki daga birnin Iskandariyya a bakin teku, suna magana da Girkanci, suna auren junansu a cikin gida, har wa da ƙanwa. Manyan dalolin dutsen nan da kake gani a hoton Masar kuwa, sun yi wajen shekara 2,500 a tsaye kafin a haife ta. Tsakaninmu da ita ya fi kusa bisa ga tsakaninta da masu ginin.

Masar ta lokacin tana da alkama da dukiya, amma ba ta da rundunar da za ta tsaya gaban Rumawa, waɗanda suka riga suka haɗiye kusan duk ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum. Ubanta da rance ya riƙe sarauta: ya ci bashi wurin attajiran Rum, ya yi wa manyansu toshiyar baki don su bar shi a kan gado. Abin da ta gada ke nan tana ƴar shekara 18, ga kuma ƙane da aka naɗa su tare, wanda fadawansa suka kore ta daga birni. Aikin rayuwarta guda ne: kada Rum ta haɗiye Masar. Dabararta ita ce ta kama hannun Barumen da ya fi kowa ƙarfi. Ta fara da Yuliyus Kaisar a shekara ta 48, ya mai da ta kan gado, ta haifi ɗa ta ce nasa ne. Da aka kashe Kaisar a 44, sai ta haɗa kai da Markus Antoniyo, ta haifa masa ƴaƴa uku. A ƙarshe Oktabiyan, magajin Kaisar, ya ci su da yaƙi a teku a wani wuri da ake kira Aktiyum a shekara ta 31. Shekara na zagayowa su biyun suka kashe kansu.

Yanzu ka riƙe wannan, don a kansa sauran maganar take. Oktabiyan da Antoniyo yake faɗa, Barume ɗan'uwansa, mijin yayarsa ma. Amma Rumawa sun gaji da yaƙin basasa. Don haka da ya tashi shelar yaƙi a shekara ta 32, sai ya yi ta a kan Kiliyofatara. Aka baza magana cewa wata baƙuwar mace ta shanye jarumin Rum da asiri da giya, tana so ta zo ta mulki birninsu. Mawaƙan zamaninsa suka ɗauka, wani ma ya kira ta karuwa. Bayan shekara fiye da 100, wani marubuci Bagirke mai suna Fulutak ya rubuta tarihin Antoniyo, a cikinsa ne mafi yawan labarinta yake. Daga littafin nan Shakespeare na Ingila ya tsamo wasan kwaikwayonsa, masu sinima kuma suka ɗebo daga su biyun. Ruwa ne da aka gurɓata tun daga mafari, kowa ya zo ya ɗiba da irin tulunsa.

Fim na 1917 kamfanin Fox na Amurka ya yi shi, a zamanin da sinima ba ta magana tukuna, sai dai a rubuta zancen a jikin allo, mai kiɗa yana gefe. Wadda ta fito a sarauniya ana kiranta Theda Bara. Sunan na aro ne. Sunanta na yanka Theodosia Goodman, ɗiyar wani tela ce a garin Cincinnati. Amma kamfanin ya baza wa ƴan jarida cewa a hamadar Masar aka haife ta, don a ƙara jin tsoronta. Sana'arta a sinima ita ce fitowa a macen da duk namijin da ya bi ta sai ya rasa gida da dukiya. Mu da mun ce mayya. Haka kuwa ta yi Kiliyofatara: kwalli ya cika ido, tufafi kaɗan, macijin ƙarfe a naɗe a ƙirji. Da Oktabiyan ya gani, da ya ce madalla. Fim ɗin kansa ba za ka same shi ba. A 1937 gobara ta cinye ma'ajin kamfanin a jihar New Jersey, sai hotuna da ƴan guntaye ƙanana suka rage.

Bayan shekara 17, sinima ta koyi magana, sai Cecil B. DeMille ya ɗauki labarin. Shi wannan gwanin tara jama'a ne da ƙawa. Ya kuma gane cewa in ka ce tarihi kake nunawa, masu tace fim za su ƙyale maka abin da ba za su yarda da shi ba a labarin yau. Ya ɗauko Claudette Colbert, haifaffiyar Faransa wadda ta girma a New York. Shekara biyu kafin nan ya sa ta yi wanka cikin madara a wani fim, inda ta fito a Fofiya matar Sarki Nero. A nan mutane kan rikice. Marubutan Rum na da a kan Fofiya suka ba da labarin wanka da madarar jakai, daga baya ne aka liƙa wa Kiliyofatara.

Sarauniyar Colbert macen birni ce ta 1934: gira siririya, gashin goshi a daidaice, ga raha, ga iya jefa magana, tana yi wa Kaisar murmushi kamar ta san abin da bai sani ba. Ɗakunan fadarta irin adon da Turawa ke yayi ne tun da aka gano kabarin Tutankamun a 1922. Lokacin kuwa Amurka na cikin matsin da ya fara a 1929, miliyoyin mutane ba aikin yi. Mutum ya biya ƴan kuɗinsa, ya shiga ya kalli zinariya na awa ɗaya da minti 40, ya fito.

Abin da ba a mantawa a fim ɗin shi ne jirgin ruwa. Asalin labarin gaskiya ne. A shekara ta 41 Antoniyo ya aika mata ta zo ta same shi a Tarsus, a ƙasar Turkiyya ta yau, ta faɗi wanda ta goya wa baya a yaƙin da ya biyo bayan kisan Kaisar. Fulutak ya ce ta hauro kogi cikin jirgi mai adon zinariya, zannuwan da iska ke turawa na shunayya, sandunan tuƙi na azurfa, mutanen gari suka watse suka tafi kallo, suka bar Antoniyo zaune shi kaɗai a dandali. DeMille ya ga wannan bai isa ba. Ya sa aka jawo taru daga ruwa cike da ƴan mata, kowace da ƙwanso mai duwatsu masu daraja a hannu. Ya sa wasu suka yi rawa cikin fatar damisa. Can aka ja labule a kan sarauniya da baƙonta, mai ganga ya fara bugawa, matuƙa suna bin kiɗansa. Aiki ne mai kyau ƙwarai, har mai ɗaukar hoton fim ɗin, Victor Milner, ya ci lambar Oska. Amma abin da ya kai ta Tarsus ciniki ne. Shi yana neman kuɗin da zai yaƙi daular Fartiyawa ta ƙasar Farisa, ita tana neman a tabbatar mata da gado. A cikin cinikin har da ran ƙanwarta Arsinowe, wadda ta taɓa yi mata takarar sarauta. A shekarar nan aka kashe ta a garin Afisa bisa umurnin Antoniyo. Wannan ba ya cikin fim.

Akwai kuma wurin da DeMille ya fi yi mata ƙarya. Ya nuna ta tana shirin ba Antoniyo guba don ta ceci Masar. Sai labarin yaƙi ya iso, Antoniyo ya miƙe yana ba da umurni, ita kuma ta hana shi shan ƙoƙon, ta rusuna, tana cewa daga yau ta bar zama sarauniya, ta koma mace. Ka ji abin da Holiwud ta 1934 take so a gaya wa mata: sarauta riga ce, in namiji na ƙwarai ya zo sai a tuɓe. Ko ɗa ɗaya daga cikin ƴaƴanta huɗu bai fito a fim ɗin ba.

Na 1945 na Ingila ne, Gabriel Pascal ya yi shi daga wasan da Bernard Shaw ya rubuta a 1898. An fara ɗaukarsa a 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, bama-baman Jamus na faɗowa a kewayen Landan. Duk da haka ya ci fiye da fam miliyan ɗaya, abin da wani fim na Ingila bai taɓa ci ba kafin nan, har yashi aka kawo daga Masar don launinsa ya dace. Kuɗin bai dawo ba. Shaw ya mai da sarauniyar yarinya ƴar shekara 16, tana ɓoye a jikin gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, tana tsoron wai Rumawa suna cin mutane, tana rawar jiki gaban mai renonta. Kaisar kuwa, wanda Claude Rains ya kwaikwaya, dattijo ne mai haƙuri, shi ke koya mata yadda ake tsawa da yadda ake zama a kan gado. Vivien Leigh ta yi wasan da gwaninta, tana ƴar shekara 30 ta koma ƙaramar yarinya mai ƙiriniya, ta kuma nuna yadda ƙiriniyar ke zama mugunta sannu a hankali. Zancen fim ɗin ya fi na sauran daɗi da hikima. Sai dai macen da Kaisar ya tarar a shekara ta 48 tana da shekara 21, ta riga ta yi shekara uku tana mulki, an kore ta, ta tara mayaƙa a wajen Sham, ta dawo da su har bakin iyakar Masar. Irin wannan ba ta bukatar a koya mata tsawa. Ka kuma tuna, sojan Ingila suna cikin Masar tun 1882, kuma suna nan sa'ad da ake nuna fim ɗin. Labarin Bature mai hikima da ya zo koya wa mutanen gabas mulki ba baƙo ba ne a kunnen masu kallonsa.

Abu ɗaya da na 1934 da na 1945 da na 1963 suka yi tarayya a kai shi ne darduma: a naɗe sarauniya a ciki, a kai ta gaban Kaisar, a warware. Fulutak buhun da ake zuba kayan shimfiɗa ya ce, wani amininta Afolodoro ya ɗaure shi da igiyar fata, ya saɓa, ya wuce masu gadin ƙanenta da almuru. Buhu ba ya kyau a hoto, shi ya sa.

Na 1963 kuwa, labarin yinsa ya kusa fin labarin da ke cikinsa. Kamfanin Fox ne kuma. Da farko an yi nufin kashe dalar Amurka miliyan 2, ba dalarmu ta kasuwa ba. An fara aiki a Ingila a 1960, aka gina birnin Iskandariyya a ƙarƙashin hazo da ruwan sama. Elizabeth Taylor, wadda aka yi wa alkawarin dala miliyan ɗaya, ta kwanta ciwon huhu a 1961 har sai da likitoci suka huda mata maƙogwaro don ta yi numfashi. Aka canza mai ba da umurni, aka kawo Joseph Mankiewicz, aka kwashe komai aka koma birnin Rum aka sake gini. Kafin a gama an kashe fiye da miliyan 30. Taylor ta canza tufafi sau 65. Ita da Richard Burton, wanda ya fito a Antoniyo, suka faɗa soyayya ta gaske, alhali kowa na da aurensa, har wata jarida ta fadar Paparoma ta yi tir. Mankiewicz ya so ya fitar da fim biyu, kowane awa uku. Kamfanin ya ƙi, aka yanke ya koma ɗaya mai awa huɗu da ƴan mintoci. Ya fi kowane fim samun kuɗi a Amurka a shekarar, ya ci Oska huɗu, amma da farko bai mai da abin da aka zuba ba.

Duk da hayaniyar nan, a ganina wannan ne ya fi kusa da mai sunan, musamman rabinsa na fari. A nan ne kawai za ka ga mace mai lissafi. Tana gardama da Kaisar, wanda Rex Harrison ya kwaikwaya, a kan bashin ubanta da alkamar Masar. Tana da malami a fada. Sa'ad da wutar yaƙi ta taɓa ɗakin littattafan Iskandariyya, ta fusata kamar an taɓa mata ɗa. Tana kuma da buri: ɗanta ya gaji Rum da Masar gaba ɗaya. Amma shi ma fim ɗin bai iya barin ƙawa ba. Ya nuna ta tana shiga Rum bisa wani ƙaton baƙin gunki, mutane masu yawa na ja, tana sanye da zinariya daga sama har ƙasa, jama'a na sowa. Ƙofar da ta bi ta ciki an kwaikwayo ta ne daga wadda aka gina wa Sarki Kustantin a shekara ta 315 bayan haihuwar Annabi Isa, wato fiye da shekara 300 bayan mutuwarta. Gaskiya ne ta je Rum a shekara ta 46, amma a wani gidan Kaisar da ke ƙetaren kogi aka sauke ta, kuma manyan gari kamar Sisero ba su ɓoye ƙin da suke mata ba. Bayan mutuwar Kaisar kuwa, fim ɗin ya koma rigimar masoya biyu, yau fushi gobe shiri. A Aktiyum ya ce ta juya ne don ta zaci Antoniyo ya mutu, shi kuma ya bar mayaƙansa ya bi ta. Masana tarihi da yawa na yau suna ganin abin shiri ne: an tsare su a mashigin ruwa wata da watanni, cuta da yunwa sun ci sojansu, baitulmalin yaƙi na cikin jiragenta 60, sai aka shirya a fasa shingen a fita da shi.

To, me ya rage wanda ba ko ɗaya da ya nuna maka sosai? Da farko fuskarta. Kuɗin ƙarfe da aka buga da sunanta suna nan a gidajen tarihi. Suna nuna mace mai dogon hanci mai ɗan lanƙwasa, da haɓa mai fitowa, gashi a ɗaure a ƙeya, da ƙyallen sarauta irin na Girkawa a kai. A bangon haikalin Dandara kuwa an zana ta da ɗanta cikin shigar Fir'aunoni, don talakawan Masar. Ta san wa take magana da shi a kowane wuri. Fulutak da kansa ya ce kyanta bai kai a ce babu irinsa ba, abin da ke kama mutum shi ne zama da ita da daɗin muryarta. Ya ce da wuya take neman tafinta: tana magana da Habashawa, da Ibraniyawa, da Larabawa, da mutanen Sham da na Farisa, kowa da harshensa, alhali waɗanda suka riga ta a gidan ko harshen Masar ba su damu su koya ba. Marubutan Larabci sun riƙe wannan ɓangaren. Al-Mas'udi, a ƙarni na 10, a cikin masu ilimi ya sa ta, ya ce tana zama da malamai, tana da littattafai a kan magani.

Sa'an nan aikin mulki, wanda ba ya ɗaukuwa a hoto. Rayuwar Masar a kan ambaliyar kogin Nilu take, shekarar da ruwa ya gaza sai yunwa, kuma ya gaza fiye da sau ɗaya a zamaninta. Akwai doka ta shekara ta 50, da sunanta da na ƙanenta, wadda ta hana ƴan kasuwa kai hatsin tsakiyar ƙasa ko'ina sai Iskandariyya, wanda ya karya kuwa hukuncinsa kisa. Akwai wata takarda ta shekara ta 33 a birnin Balin na Jamus, an same ta cikin tsofaffin takardun da aka manna aka rufe wata gawa da su. A ciki an yafe wa wani Barume na hannun daman Antoniyo kuɗin duwan a kan alkamar da zai fitar da giyar da zai shigo da ita kowace shekara, an kuma yafe wa gonakinsa haraji. A ƙasan takardar akwai kalma ɗaya ta Girkanci da wani hannu dabam, ma'anarta a zartar. Masana da dama suna ganin hannunta ne.

Mutuwarta ma fina-finan sun gaggauta ta. Colbert ta mutu zaune a kan gadon sarauta, Rumawa na fasa ƙofa. Taylor ta mutu a kabarinta cikin rigar zinariya, da kuyanginta biyu, da kwandon ɓaure mai maciji a ciki, kusan yadda Fulutak ya faɗa, ko da yake shi ya kawo wata ruwayar ta guba da ta ɓoye a cikin tsinken gashi. Su biyun soyayya suka sa gaba. Amma tsakanin mutuwar Antoniyo da tata akwai wajen kwana goma, ta gana da Oktabiyan, tana neman a bar wa ƴaƴanta wani abu. Sai da ta ji za a tafi da ita Rum a zagaya da ita cikin gari a matsayin ganima, kamar yadda aka yi wa Arsinowe cikin sarƙa a shekara ta 46, sa'an nan ta ɗauki ranta. Babban ɗanta, Kaisariyon, an kashe shi yana ɗan shekara 17. Sauran ukun, waɗanda ko fim na 1963 bai ambace su ba, an kai su Rum, Oktabiya, yayar Oktabiyan kuma tsohuwar matar ubansu, ta rene su. Macen cikinsu, Kiliyofatara Selene, ta auri Sarki Juba na biyu, suka yi mulkin ƙasar Muritaniya ta da daga garin da ake kira Sharshal a Aljeriya ta yau. Ta buga kuɗi da sunanta, ta kuma sa wa ɗanta suna Batlamus.